Muzuru ne ke cinye mana zabin daji?

Salam ɗan'uwa, tambayarka kan ko mafarauta su riƙa kashe magunan da suka koma daji don a tsare zabi da makwarwa, ni dai gaskiya ban goyi bayan a bi su da bindiga ba.

Eh muzuru yana ɓarna, ba musu. Zabuwar daji a ƙasa take ƙwai cikin ciyawa da damina, 'yan tsakin kuwa ba sa iya tashi, na taɓa tarar da sheƙa a bayan gonarmu wajen Garwa sai ɓawon ƙwai da gashi, ga sawun mage a laka, wallahi abin ya min ciwo. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yara nawa ne ke kwashe ƙwan zabi su kai gida a sa wa kaza? ga ƙona daji da rani, ga tarko ko'ina, wannan ya fi mage cin tsuntsayen nan.

Kuma akwai kyanwar daji ta asali wadda tun fil azal a jejin take, irin ta gandun dajin Waza a Kamaru, da dare ba za ka bambanta ta da ta gida ba, ita ce ma ke rage mana ɓeraye a gonar dawa. Guba kam don Allah kar a sa, ungulu da karnukan farauta ne za su ci su mutu. Ka tuna hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage.

In muzuru ɗaya ya addabi wuri a kama shi da keji a mayar cikin gari, masu maguna kuma su daina zubar da 'ya'yan a bakin jeji, daga nan ne suke yaɗuwa.