Ku Tambayi Masana: Farautar Manyan Duniyoyi da Koyar da Ilimin Falaki

TAMBAYA: Ta yaya masana falaki suke gano manyan duniyoyin da ke kewaya wasu taurari, alhali hasken tauraron ya rufe su? Daga wani ɗalibin kimiyya, Zariya.

AMSA: Malam, galibi tauraron ake sa wa ido. Babbar duniya tana ɗan jan tauraronta gaba da baya, sai launin haskensa ya riƙa sauyawa kaɗan. Mushtari, wato Jupita, tana jijjiga ranarmu da gudun mita 12.5 a daƙiƙa, tamu duniyar kuwa santimita 9 kacal. Shi ya sa manyan suka fara shiga hannu. Ta haka Michel Mayor da Didier Queloz suka gano duniyar 51 Pegasi b a 1995, mai kewaya tauraronta cikin kwana 4.2, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2019.

Ɗaya hanyar ita ce jiran gilmawar duniyar ta gaban tauraronta. Mai girman Mushtari tana rage hasken tauraro irin ranarmu da kusan kashi 1 cikin 100. Wannan ko ƙaramin madubin hangen nesa mai kyamara zai iya aunawa. A zaɓi tauraro kamar HD 189733, wanda haskensa ke raguwa da sama da kashi 2 cikin 100 duk bayan kwana 2.2. A fara ɗaukar hoto awa guda kafin gilmawar, a ci gaba har awa guda bayanta, sannan a gwada haskensa da na wasu taurari uku ko huɗu da ke cikin hoton, da manhaja irin AstroImageJ. In hoto ya sha haske fiye da ƙima, awon ya lalace, don haka ake ɗan kauce wa saitin madubin da gangan, domin hasken tauraron ya ɗan bazu a hoton. Hazon hunturu ma yana ɓata aiki. Babban tarkon shi ne taurari biyu masu kewaya juna, ɗaya na tare hasken ɗaya, waɗanda ke kwaikwayon gilmawar duniya. Sai an auna nauyin abin ta hanyar farko, wato ta jijjigar tauraron, ake tabbatarwa.

TAMBAYA: Ina koyar da 'yan aji ɗaya a jami'a. Wasu lissafinsu da rauni, ɗaya kuma ba ya gani. Yaya zan tafi da kowa? Daga wata malama, Maraɗi.

AMSA: Malama, ki rage dogon jawabi. Ki jefa tambaya mai zaɓi huɗu, kowa ya zaɓa shi kaɗai, su tattauna bibbiyu na minti 2, su sake zaɓa. Eric Mazur na jami'ar Harvard ya yaɗa wannan salo tun farkon shekarun 1990. In kika tsaya jiran ɗaga hannu, mutum ukun nan na layin gaba ne za su cinye darasin.

Lissafin gilmawa bai fi ƙarfin kowa ba: a raba faɗin duniyar da na tauraron, a ninka sakamakon da kansa, sai a sami yawan hasken da zai ragu. Kashi ɗaya cikin goma ya ba da ɗaya cikin ɗari. Ɗalibinki da ba ya gani kuma, ki mayar masa da awon haske sauti, muryar ta yi ƙasa lokacin gilmawa; da irin wannan dabara Wanda Díaz-Merced, makauniyar masaniyar falaki daga Puerto Rico, take bincikenta. Ki ba shi darasin a rubuce kwana biyu kafin aji, yadda manhajar wayarsa za ta karanta masa, ki kuma daina cewa “wannan layin” a allo ba tare da faɗin abin da layin ke nunawa ba.