Wa Ke da Alhakin Kula da Tsoffin Gidajen Gwamnati?

Tambaya: Malam, a nan Bauchi akwai gidajen da jami'an mulkin mallaka suka zauna, amma rufinsu yana yoyo, gara tana cin katakonsu. A wuyan wa gyaransu ya rataya? Daga wani mai karatu, Bauchi.

Amsa: Malam, abin ya danganta da matsayin gidan a doka. Idan an ayyana shi cikin kayan tarihi na ƙasa, kamar Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, wanda shahararren maginin nan Babban Gwani ya gina, to yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, kuma ba a rushe shi ko a sauya fasalinsa sai da izininta. Idan kuwa ba a ayyana shi ba, alhakin yana kan gwamnatin da ta mallake shi, galibi ta hannun ma'aikatar ayyuka da gidaje. A ganina, gyaran ganganci ya fi damina ɓarna, domin yaɓa siminti a kan ginin ƙasa yana riƙe danshi a ciki har katangar ta ruɓe.