Famfo mai ɗiga naka ne, bango mai jiƙa na mai gyara ne

Ɗan uwa, abubuwa uku ka ambata: famfon kicin da ke ɗiga ko an rufe shi, tankin masai da ba ya daina shan ruwa, da bangon banɗaki da ya jiƙe har fenti yana ɓarewa. Kana tambaya ko ka gyara da kanka ko ka kira mai gyaran famfo. Biyun farko za ka iya. Na ukun kuwa, kada ka ɗauki guduma.

Kafin ka taɓa kowane aikin ruwa, tambayi kanka: in abin ya ɓaci a hannuna, zan iya tsayar da ruwan nan take, kuma idona zai ga inda ya ɓaci? In amsar e ce, gwada, domin iyakar asararka ɗan kayan da ka saya da jiƙewar ƙasa. In aikin yana cikin bango ne ko ƙarƙashin daɓe, ko ya haɗa da wutar lantarki, ko da babban bututun bahaya, kuskure ɗaya zai ci maka ninkin abin da ka so ka tsimi.

Saboda haka fara da neman bawul ɗin da ke rufe ruwan gidan gaba ɗaya, ko kusa da mitar ruwa ko a ƙarƙashin babban tankin gidan. Rufe shi, ka buɗe famfo ka ga ko ruwan ya tsaya da gaske. Bawul ɗin da ya yi shekaru ba a murɗa shi ba yakan ƙage, ko ya rufe rabi. Gara ka gano haka tun kan famfo bai fita a hannunka ba.

Famfo iri biyu ne. Wanda ake murɗawa sau da yawa kafin ya rufe, akwai 'yar roba a ƙasan sandarsa, ita ce take cinyewa. Wanda ake juyawa kwata kawai, faifan tangaran biyu ne a cikinsa, shi ba a canja masa roba, cikin ake sakewa ɗungurungum. Bayan ka rufe ruwa, toshe ramin wurin wanke-wanken da tsumma don kada sukuru ya faɗa, cire murfin da ke saman kan famfon, kwance sukurun, zare hannun, sannan ka kama notin da sifana. Riƙe jikin famfon da ɗaya hannun sosai, in ba haka ba duk famfon zai juya ya murɗe abin da ke ƙasa. Ɗauki tsohon kayan ka tafi da shi wurin saye, don tsawon sandar da haƙoran da hannu ke zama a kai sun bambanta, kuma da ido ba za ka bambance ba. In ka sa sabuwar roba ɗigon bai tsaya ba, mazaunin robar ne ya cinye, sai ka sake famfon.

A wurin sake famfo ne yawancin masu koyo suke ɓata aiki. Farin tef ɗin da ake naɗawa a zaren bututu, wato tsage-tsagen bakinsa da ake murɗa famfo a kai, ka fuskanci bakin zaren ka naɗa shi ta inda hannun agogo ke juyawa, zagaye huɗu zuwa shida, ko fiye in tef ɗin siriri ne. In ka naɗa ta baya, yana warwarewa sa'ad da kake ɗaurawa. Ɗaure da hannu har ya tsaya, ka ƙara zagaye ɗaya ko biyu da sifana, shi ke nan. Ƙarfi ba ya hana yoyo. Idan famfon ƙarfe ne yake shiga soket na roba, wato mahaɗin bakin bututu, matsewa da yawa tana tsaga soket ɗin, kuma tsagar ba lallai ta nuna a ranar ba. Ita kuwa tiyo mai lanƙwasa da ke ƙarƙashin wurin wanke hannu, robar da ke cikin notinta ce ke tare ruwa, ba ta bukatar tef ko kaɗan.

Tankin masai ya fi sauƙi. Ɗaga murfin ka duba. In ruwan ya kai bakin bututun da ke zubar da rara, to abin da ke tasowa ya rufe ruwa ne bai rufewa: sauke shi har ruwan ya riƙa tsayawa kamar santimita 2 ƙasa da bakin. In ya ƙi, kwance kansa ka wanke, sau da yawa yashi ne ya maƙale a robar. In kuwa ruwan bai kai bakin ba amma tankin yana ta cika kansa jifa-jifa, robar da ke gindin tankin ce ta taurare. Zuba ɗan abu mai launi a tankin, ka jira minti 20 ba tare da ka ja ruwa ba. In launin ya sauko cikin masai, sake robar.

Yanzu bangon. Inda ka ga jiƙa ba lallai nan ne ɓular take ba. Ruwa yakan bi jikin bututu ko ramukan bulo ya yi tafiya kafin ya fito, shi ya sa mai fasa bango da ƙiyasi yakan ɓarke tayil da yawa bai kai ga wurin ba, wani lokaci ma kurfinsa ya huda bututun da ba shi da laifi, ko ya taɓa wayar wuta. Kuma zai yiwu ba bututu ba ne sam. Simintin da ke tsakanin tayil in ya zube, ruwan wanka yana shiga bango. Haka nan bakin magudanar ƙasa in ba a liƙe shi da kyau ba.

Abin da za ka yi da kanka a nan shi ne bincike. Rufe duk famfunan gidan, har da ɗan bawul ɗin masai, tunda shi ma yana yoyo. In kana da mita, rubuta lambar, ka dawo bayan awa biyu. In tanki ne, kashe injin, yi alama a inda ruwa ya tsaya da dare, ka duba da safe. In ruwan ya ragu, ko lambar mita ta ƙaru, bututun da ke kawo ruwa ne ya ɓule. In bai ragu ba, kuma jiƙar tana ƙaruwa bayan an yi wanka, matsalar tana wajen tayil ko bututun fitar da ruwa. Da wannan bayanin kaɗai ka rage wa mai gyara fashe-fashe.

Gyaran kansa yana son kayan aiki da hannun da ya saba. Bututun robar da ake kira PPR ba a haɗa shi da gam, da injin zafi ake narka shi a kan digiri 260, mai faɗin milimita 20 daƙiƙa 5 kawai yake so. In ya wuce, robar tana narkewa ta toshe cikin, haɗin ya yi kyau a waje amma ruwa ya dawo zirara. In tsohon bututun ƙarfe ne, tsatsa ta riga ta ci zarensa, kana murɗawa ya karye a cikin bango. Bututun roba na PVC da ake haɗawa da gam kam, a fili za ka iya: yanka daidai, goge bakin, busar, shafa gam a ɓangarorin biyu, tura ka ɗan juya, riƙe daƙiƙa 30, ka bar shi wasu awoyi kafin ka saki ruwa. Amma haɗin da za a binne, bar wa wanda zai gwada shi da matsi.

Hitar ruwa ma ba taka ba ce. Ruwa ne da wuta a tukunya ɗaya, kuma ɗan bawul ɗin da ke ɗiga a jikinta shi ke sauke matsi, wanda ya toshe shi don ɗigon ya dame shi ya sa gidansa cikin haɗari. Haka in masai da wurin wanka suka toshe tare, ko ka ja ruwan masai ya taso ta magudanar ƙasa, babban bututu ne, sodar da ake zubawa don buɗe magudana ba za ta buɗe shi ba. Kada ka haɗa soda da asid ko da bilic. Ramin shadda kuwa ko leƙa kai kada a yi, iskar cikinsa tana kisa.

In mai gyaran ya zo, gaya masa abin da bincikenka ya nuna, ka tambaye shi ina zai fasa, kuma don me. Ku raba kuɗin kaya da na aiki tun farko, ka ga kayan da idonka, araha ba ta ado a abin da za a binne. Kada a shafa siminti sai an saki ruwa haɗin ya kwana a bushe. Ɗauki hoton bututun kafin a rufe, da awo daga kusurwar bango. Tunda an riga an buɗe wurin, sa ya ƙara wa banɗakin bawul nasa na kansa, don gyara na gaba ba sai an yanke wa duk gidan ruwa ba.