Ku Tambayi Kawu: Wace unguwa zan kama haya a Kano?

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Ni ma'aikacin jinya ne daga Azare, na samu aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma ina so in taho da matata da yaranmu biyu. Wani abokina ya ce kada in kuskura in doshi Dorayi ko Kurna saboda 'yan daba. Wani kuma ya ce in dai kwanciyar hankali nake nema sai Nassarawa GRA ko Bompai, alhali ƙarfina bai kai can ba. Yanzu dillali ya nuna mini sabon gida mai ɗaki biyu da falo a wata sabuwar unguwa a bayan gari, da arha sosai, yana ta matsa mini in biya kafin wani ya riga ni. Aikina akwai kwanan asibiti, iyali za su riƙa kwana su kaɗai. Ya zan yi in gane unguwar kirki?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sanya albarka a aikin. Kada ka ba dillalin nan ko sisi tukuna. Shi la'adarsa yake nema, in ya karɓa ya tafi, kai ne za ka kwana a gidan shekara guda.

Abokanka ba ƙarya suka yi maka ba, sai dai sun ba ka sunaye ne kawai, kuma suna ba ya wadatarwa a gari kamar Kano. Birnin nan ya mamaye ƙananan hukumomi 8: Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo. Abin da ake kira Dorayi kaɗai akwai Babba akwai Ƙarama, da layuka barkatai. Gaskiya ne sunanta da na Kurna suna fitowa a labaran faɗan daba, abin da ku a ƙasar Bauchi kuka fi sani da sara-suka. Amma a cikin Dorayin nan akwai layin da malaman Jami'ar Bayero da 'yan kasuwa suka shekara ashirin ba a taɓa haura musu katanga ba, a ɗan gaba kaɗan kuma akwai lungun da ni kaina ba zan bi da waya a hannu ba bayan magariba. Haka Hotoro take, haka Sheka, haka Rijiyar Lemo. Don haka layin da gidan yake shi za ka bincika, da hanyar da za ka bi ka shiga shi.

Unguwannin masu hali kuwa, ka daina jin takaicin rashin kuɗinsu. Suna da faɗin titi da bishiyoyi da wuta, wannan ba musu. Amma tsaronsu na kuɗi ne: doguwar katanga, maigadi, waya mai lantarki. Wanda ya lallaɓa ya kama ɗakin baya a irin wannan wuri ba tare da waɗannan ba, in matarsa ta yi ihu da tsakar dare babu mai jin ta, domin maƙwabcin ma bai san sunanta ba. Mai kwanan aiki irinka ya fi bukatar layin da in yaro ya yi zazzaɓi ƙarfe biyu na dare, uwargidan maƙwabci za ta fito da mayafinta, mijinta ya tayar da mota.

Ka fara neman kusa da wurin aikinka. Asibitin yana kan titin Zariya, kewaye da shi akwai Gyaɗi-Gyaɗi, Karkasara, Darmanawa, Sallari, Hausawa, Tarauni, Unguwa Uku, Kundila, in ka ƙara gaba Na'ibawa. Ban ce maka duk layukansu lafiya lau ba ne. Na ce dai wanda ke tashi daga aiki da dare, gajeriyar hanya rabin tsaronsa ce. Tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni, a 2022 kuma gwamnati ta hana adaidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe. Ko da dokar ta yi sanyi, abin hawa yana wuya a wannan lokacin, kuma ƙwacen waya ya fi faruwa ga mai tsayuwa shi kaɗai a bakin titi ko mai taka ƙafa a duhu. Arhar gidan bayan gari, in ka haɗa da kuɗin mota sau biyu kullum, sau da yawa ba arha ba ce.

In ka ga gidan da ya kwanta maka, ka koma ba tare da dillali ba, kuma a lokacin da shi ba zai so ka je ba. Ka yi sallar isha'i a masallacin layin, ka zauna wajen mai shayi ka sa a haɗa maka. Ka duba su wane ne a waje. In ka ga dattawa a kan tabarma ƙofar gida, mata suna dawowa daga unguwa ba sa waige-waige, yara suna kai aike, mai kanti bai rufe ba kuma ba ta cikin ƙarfe yake miƙo kaya ba, to layin yana da masu shi. In kuwa da an sallame isha'i kowa ya shige ya danna sakata, sai majalisar samari a gindin kango, ga warin wiwi, ga kwalaben maganin tari a kwata, ka gode wa mai shayi ka kama gabanka. Kangwaye su ne babbar matsalar sababbin unguwanni. Gida ɗaya a tsakiyar gine-gine biyar da ba a ƙarasa ba, komai kyan fentinsa, ba wurin barin mace da yara ba ne.

Ka dawo da asuba ma. Sahun asuba yana gaya maka ko mutane suna iya fitowa cikin duhu ba fargaba.

Sai tambaya. Mai gida da dillali ba za su kushe kayansu ba. Ka tambayi mai wanki da guga, da ɗan garuwa, da wanda ya tashi daga gidan in za ka same shi. Kada ka ce "akwai tsaro?" domin kowa "alhamdulillahi" zai ce maka. Ka ce: yaushe rabon da a shiga gidan wani a layin nan? In 'yan sintiri sun kama ɓarawo ina suke kai shi? Nawa kowane gida ke bayarwa a wata, wa ke karɓa? Lokacin zaɓe da hawan salla ya layin yake kasancewa? Wannan ta ƙarshe ka riƙe ta da kyau, domin akwai wuraren da suke lumui duk shekara, sai siyasa ta kaɗa ko an yi kilisa a tashi da sara. Daga nan ka je ka gaida mai unguwa. In ka same shi ya san gidan, ya san mai shi, ya kuma tambaye ka kai wane ne, daga ina, wa ya san ka, kada ranka ya ɓaci. Yadda ya titsiye ka haka zai titsiye wanda zai kama gidan da ke jikin naka.

Akwai abin da baƙi ke mantawa, su ɗauka ɓarawo ne kaɗai abin tsoro. Ruwa ya fi ɓarawo korar mutane daga gida a Kano. Tsofaffin kududdufai da dama an cike su an yi gini a kai, ruwa kuma bai manta hanyarsa ba. In da hali ka ga gidan a watan Agusta bayan an sheƙa ruwa. In rani ne, ka dubi gindin katanga ko akwai shatin ruwa, ka dubi ko maƙwabta sun ɗaga dokin ƙofa ya kai gwiwa, ko sun jera buhunan yashi. Ka leƙa lambatu ka ga ko yana tafiya ko leda ta toshe shi. Kai ma'aikacin lafiya ne, ka fi ni sanin abin da kwantaccen ruwa ke jawo wa yara. Ruwan sha kuma, famfon gwamnati daga Tamburawa da Challawa bai isa ko'ina ba, gidaje da yawa da rijiyar burtsatse ko kurar 'yan garuwa suke rayuwa, saboda haka ka tambayi kuɗin jarka a layin ka lissafa na wata. Wuta ma ka tambayi awa nawa ake samu, ko gidan yana da mitarsa shi kaɗai, da ko akwai tsohon bashi a kanta.

Ka kai matarka ta ga wurin kafin ka biya. Ita za ta wuni a ciki, kuma in ta shiga gida biyu ta gaisa da matan layin, za ta fito da labarin da kai ba za ka ji a majalisa ba. Ku duba Islamiyya da makarantar boko da yara za su iya zuwa ba tare da tsallaka babban titi ba. In lokaci ya ƙure maka, ka fara zuwa kai kaɗai, ka raɓa da abokin aiki wata ɗaya ko biyu, ka nema a tsanake.

Tambaya: Kawu, ni bazawara ce mai ɗinki a Fagge, na tara ɗan abin da na tara ina so in sayi fili a bayan gari in gina. An ce unguwar za ta yi daraja nan gaba. In saya?

Amsa: 'Yata, Allah ya ƙara buɗi. Mai yiwuwa ta yi daraja, Rijiyar Zaki da Danbare ma a da gonaki ne. Amma takardar mai unguwa ko ta dagaci kaɗai ba ta hana rusau. Kafin ki ba da kuɗi, ki sa wani namiji amintacce cikin 'yan'uwanki ya raka ki KANGIS, hukumar da ke riƙe bayanan filaye a Kano, a duba ko filin yana da wani mai shi, a kuma tambaya a KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ko awon gwamnati ne, ko an ware wurin don hanya ko makaranta. Ki guji ƙarƙashin babbar wayar lantarki da bakin kwari komai arharsu. In komai ya fita daidai ki saya, ki kewaye, ki sa shaidu su sa hannu. Tarewa kuwa ki jinkirta ta sai gidajen dama da hagu sun samu mutane a ciki, kuma ki tuna masu kawo miki ɗinki a Fagge suke.