Amsa ga 'yar'uwar da ke tambayar abin da za ta yi wa mahaifiyarta

Allah ya jiƙan Mama, ya kai haske kabarinta, ku kuma ya ba ku dangana. 'Yar'uwa, kin ce arba'in ta matso kuma kin rasa yadda za ku yi da kuɗin da kuka haɗa, ko girki za a yi ko kalanda za a buga da hotonta. Wallahi ina karantawa zuciyata ta karye, don ni ma an yi mini wannan rashin.

Hajiyarmu a Gangare ta yi zamanta. Ba ta riƙe muƙamin komai ba, amma mace ba ta rasuwa a layinmu ba a ƙwanƙwasa mata ƙofa ta je wanka ba, ko da tsakar dare ne cikin sanyin Disamba, kin dai san sanyin Jos. A rikicin 2008 tsakar gidanmu cika ta yi da mata da yara, tana ta dafa gwate a tukunyar biki, har da ƙawarta Kirista da suke sayar da kayan miya tare tun kafin gobarar kasuwar Terminus ta 2002.

To wannan matar ce fa, ranar sadakar uku, ina zaune idona ya kumbura, matar kawunmu ta buɗe baki a gaban mutane ta ce ai Hajiya ta ƙarar da ƙarfinta a kan 'ya'yan wasu, ga shi ta tafi ko fili ba ta bari ba. A ɗakinta fa! A kan tabarmarta! Kuma kafin magariba ta buɗe akwati ta zaɓi atamfofi, wai na tunawa. Matar da ko sau ɗaya ba ta kwana da ita a asibiti ba. Shi kuma kawu ya karɓe hidimar arba'in, aka kafa rumfuna, aka yi hayar kujeru, manyan mutane suka ci suka tafi da ƙunshi, tsofaffin da suka yi shekaru suna wankan gawa tare da ita suna rakuɓe a bakin zaure, ko lemo bai kai gare su ba. Na ce na yafe, amma har yau in na ji muryar matar nan a gidan biki sai na sake wuri.

Don haka ki fara da ƙawayen Mama. Annabi (SAW) in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. Ki bi su gida-gida da ɗan sabulu ko turmin zane, ki zauna. Ni a bakin ƙawayen Hajiyarmu na ji marayun da take biya wa kuɗin Islamiyya, mu 'ya'yanta ba mu taɓa sani ba. Ki kunna waya ki naɗi hirar saboda jikoki. Ki kuma tambaye su ko ana bin ta bashi ko akwai zubin adashe a kanta, wannan ya riga kowace sadaka.

Kalanda kam ki bar ta, ƙarshenta a naɗe ƙosai da fuskar mahaifiyarki. Maganar arba'in ɗin kanta malamai sun yi saɓani, ba zan tayar da ita a nan ba. Amma da sahabi Sa'adu bin Ubada ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ce ta fi ga mahaifiyarsa, ruwa aka ce masa. Burtsatse a garin nan da tsada saboda dutse, mu ba mu iya ba, tanki muka saya wa Islamiyyar da take zuwa, muna biyan mai garuwa yana cikawa. Ƙanwata kuma takan ajiye bandir na likkafani a wurin matan da suka gaji aikinta.

Kayan Mama kuwa, don Allah ku kulle ɗakin. Gado ne, ba a sadaka da shi sai da yardar magada duka, kar kunyar dangi ta sa ku yi shiru yadda muka yi. Kuma ki riƙa cin abinci, na ga ƙarfe biyu na dare kika yi rubutun nan. Wace unguwa kuke? In kusa ne zan shigo in yi muku gaisuwa.