Amsa ga mai neman muryar Abubakar Imam

Assalamu alaikum. Malam, tambayarka a kan inda za a samu naɗaɗɗiyar muryar marigayi Alhaji Abubakar Imam ta taɓa ni ƙwarai, domin ni ma wannan neman ya sha mini kai tun lokacin da nake koyar da Magana Jari Ce a nan Katsina, ɗalibai suna tambayata yadda mai littafin yake magana.

Abin da ya hana ni fid da rai shi ne, mutumin da ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya rayu har 1981, alhali gidan rediyon Kaduna yana aiki tun 1962, da wuya a ce bai taɓa zama gaban makirufo ba. Sai dai naɗa daban, adanawa daban, domin a zamanin tef yana da tsada, akan goge shi a ɗora wani shiri a kai. Ko George Orwell, shahararren marubucin Birtaniya, wanda ya yi aiki a BBC daga 1941 zuwa 1943, har yau ba a gano muryarsa ba.

Ka yi hattara da masu cewa suna da ita. Wani mutum ya rantse mini cewa akwai hirar Imam a cikin tulin kaset ɗin da ya gada wurin mahaifinsa. Ya karɓi kuɗina, ya yi ta cewa in dawo gobe, yau maɓalli na hannun yayansa, gobe ya tafi ta'aziyya. Ranar da ya buɗe akwatin, ashe a zaure ya bar shi damina ta wuce a kansa, zaren ya manne, gara ta cinye takardun da ke ɗauke da sunaye. Wanda ya rage da rai muka kunna, sai kiɗan biki. Ko a jikinsa, har yana dariya, ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, domin ko babu Imam a ciki, muryoyin dattawa ne suka salwanta a hannun wanda bai san darajarsu ba. Har yanzu idan na tuna dariyar nan raina yana ɓaci.

Ka je Arewa House, cibiyar binciken tarihi, da Gidan Adana Tarihi na Ƙasa a Kaduna da takardar neman izini a rubuce. Idan ka samu tsohon tef, kada ka saka shi a rikoda ta gida, sai gwani ya juye shi zuwa kwamfuta. Ka karanta tarihin rayuwarsa da Abdurrahman Mora ya shirya a 1989, ka tsinci tarurrukan da ya yi jawabi. Amma don Allah ka fara da dattawa, a Zariya da nan Katsina inda ya yi karatu ya kuma koyar a makarantar Midil. Ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba, ko muryar tana da kauri, ko karin harshen Katsina yana fita a bakinsa, kuma ka naɗi amsarsu da wayarka.

Idan Allah ya sa ka dace, ina roƙonka ka turo mini ko da minti ɗaya ne, in kunna wa ɗalibaina.