Ku Tambaya Mu Amsa: Wa Ke Kai Wa Abokan Gaba Sirri?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina bin wani shirin leƙen asiri mai dogon zango a talabijin, ba zan faɗi sunansa ba don kada in ɓata wa waɗanda ba su kai inda muka kai ba. A zango na biyu an gano akwai wani a cikin hukumar da ke kai wa abokan gaba sirri, har an kashe jami'ai biyu a ƙetare. Ƙawayena duk sun ɗora zargi kan matar da ke aikin fassara, saboda an nuna ta tana waya a ɓoye cikin dare. Ni kuwa zuciyata na kan shugaban sashen, wanda aka ɗora wa farautar maci amanar. Suna yi mini dariya, wai hakan ba zai yiwu ba ko a fim. Hasashena na da makama kuwa? Daga wata mai karatu.

AMSA: 'Yar'uwa, hasashenki na da makama ƙwarai, domin abin da ƙawayenki suke ganin ba zai yiwu a fim ba ya faru a zahiri. A 1944 hukumar leƙen asirin Birtaniya, MI6, ta naɗa Kim Philby shugaban sashen da ke yaƙar 'yan leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, alhali tun shekarun 1930 Mosko yake yi wa aiki. An ba kura ajiyar nama.

Ki dubi yadda kujerar ta kare shi. A 1945 wani jami'in Sobiyet a Istanbul, Konstantin Volkov, ya nemi mafaka wajen Birtaniya, ya ce zai tona asirin waɗanda ke yi wa Mosko aiki a cikin gwamnatinta, har da wani babba a sashen leƙen asiri a Landan. Takardar a teburin wa ta sauka? Na Philby. Ya sanar da Mosko, ya yi ta jan ƙafa, kafin ya isa Istanbul an riga an ɗauke Volkov, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ko a 1955 da zargi ya yi ƙarfi, ministan harkokin waje Harold Macmillan ya wanke shi a majalisa. Sai a watan Janairun 1963 ya tsere daga Beirut zuwa Mosko, can ya mutu a 1988.

Batun mai fassara kuwa, ni ban yarda ita ce ba. Marubutan irin wannan shiri sun san masu kallo fuska suke karantawa, don haka sukan zaɓi mutum ɗaya su cika shi da waige-waige da waya cikin dare. Idan aka haska miki mutum haka ɓaro-ɓaro tun tsakiyar zango, galibi wani sirri ne daban yake ɓoyewa, bashi ko soyayya ko wani ɗan'uwa da ke cikin matsala. Ki bar fuska ki koma kan abin da ya fita. Wa ya san sunayen jami'an nan biyu na gaskiya, da inda za su kasance, da ranar? A irin waɗannan hukumomi kowa iya abin da aikinsa ke buƙata ake sanar da shi, kuma wakilan ƙetare da sunan boge ake rubuta su a takarda. Mai fassara takardar da aka miƙa mata kawai take gani. Ki sake kallon kashin da aka tsara tafiyar jami'an, ki ƙirga waɗanda ke cikin ɗakin. Idan ba ta ciki, ki faɗa wa ƙawayenki su sake lissafi.

Ina jin zafin irin halin da take ciki, domin zargin kuskure ya cutar da mutane na gaske. Kafin a kama Robert Hanssen, jami'in hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, da ke sayar wa Mosko sirri, a watan Fabrairun 2001, shekaru aka yi ana bibiyar wani jami'in hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, da bai ji ba bai gani ba, ana zaton shi ne maci amanar, har aka dakatar da shi daga aiki.

Kamun Hanssen ma zai taimaka wa hasashenki. FBI ta biya wani tsohon jami'in hukumar leƙen asirin Sobiyet, KGB, dala miliyan 7 ya kawo mata fayil, a ciki aka samu faifan muryar Hanssen da leda mai ɗauke da zanen yatsunsa. Shi kuwa Aldrich Ames na CIA, da aka kama a 1994 bisa yi wa Mosko leƙen asiri, ya tsallake na'urar gano ƙarya har sau biyu, kuɗi ne suka ja hankali kansa: gidan dala 540,000 da ya biya lakadan, da mota Jaguar, abin da albashinsa ba zai taɓa saya ba. Saboda haka ki sa ido kan wanda rayuwarsa ta fi ƙarfin samunsa, kuma da zarar wani ya gudo daga ɓangaren abokan gaba da alƙawarin tona asiri, ki lura da wanda zai ce shi zai je ya tarbe shi.

Sai dai kada ki rufe ƙofa kan shugaban kaɗai. Marubutan sun san labarin Philby, sun san masu kallo irinki ma sun fara zargin na sama. Ni da zan zaɓa, mataimakinsa zan fi tsarewa da ido, wanda duk takarda sai ta bi ta hannunsa amma kamara ba ta cika tsayawa a kansa ba.

TAMBAYA: Malam, a shirin da nake kallo motar jarumin ta kama da wuta a kashin ƙarshe, amma ba a nuna gawa ba. Ya mutu? Daga wani mai karatu.

AMSA: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. A shirin leƙen asiri, in dai ba ka ga gawa da fuskarta ba, ka sa rai yana nan. Idan zango na gaba ya fara, ka lura da wanda bai yi kuka ba wajen jana'izar, mai yiwuwa da shi aka shirya.